Fada Brown da Ɓarawon da Ya Tuba

Akwai wani irin labari da mutanen Ingila su ke so ƙwarai, watau labarin binciken laifi. Yadda a ke ƙulla shi kusan ɗaya ne ko'ina. A wayi gari an yi sata ko an kashe rai, ba a san wanda ya yi ba, 'yan sanda su yi ta lalube cikin duhu, sa'an nan wani mai basira ya zo ya warware ƙullin a shafin ƙarshe. Wanda ya fi suna cikin masu wannan basira shi ne Sherlock Holmes, wanda Conan Doyle ya fito da shi cikin 1887. Shi aikinsa kamar na masu bin sawu ne a ƙasarmu in an kore shanu: ya duƙa ya dubi ƙasa, ya auna taku, ya duba tokar taba, har sawu ya kai shi ƙofar mai laifi. Da an sa wa mutum ankwa, shi ke nan, labari ya ƙare.

To, yau muna so mu kawo wa masu karatu labarin wani mai bincike dabam, wanda shi a wurinsa kama mai laifi farkon aiki ne. Sunansa Fada Brown. Fada a nan ba fadar sarki ba ce, sunan da a ke kiran limamin Katolika ke nan. Mutanen Ƙaura Namoda ba baƙi ba ne ga wannan suna, domin tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso garin cikin 1929 ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu suka zo suka zauna, cikinsu da 'yan Katolika. Cikin shekarun 1950 kuma limaman ɗarikar Dominikan suka zo daga Amurka suka kafa mazauni a Gusau. Amma da yawa cikinmu iyakar saninmu da Fada shi ne farar riga da makaranta da asibiti. Waɗannan labaru za su nuna mana abin da shi kansa ya ɗauka aikinsa ne.

ASALIN LABARIN

Wanda ya rubuta su wani Bature ne mai suna G. K. Chesterton, an haife shi a London cikin 1874, ya rasu cikin 1936. Labarin farko ya fito cikin 1910, aka bi shi da wasu har suka wuce hamsin, aka tara su cikin littattafai biyar da suka fito cikin 1911, 1914, 1926, 1927 da 1935. Na farkonsu shi ne The Innocence of Father Brown.

Abota ce ta haifi labarin. Cikin 1904 Chesterton ya gamu da wani Fada ɗan ƙasar Ailan mai suna John O'Connor, wanda ke aiki a lardin Yorkshire. Wata rana suna tafe suna taɗi kan miyagun ɗabi'u, sai Fada ya bayyana masa waɗansu abubuwa na ƙazantar duniya waɗanda shi Chesterton, duk da yana ɗan jarida a London, bai taɓa jin irinsu ba. Da suka isa masauki sai suka tarar da samari biyu 'yan makarantar Cambridge. Bayan Fada ya fita, sai Chesterton ya ji samarin nan suna tausaya masa, wai an kulle shi cikin coci bai san muguntar duniya ba. Abin ya ba shi dariya, ya kuwa tsaya masa a rai. Daga nan ya ga ya kamata a yi labarin limamin da kowa ke ɗauka wawa ne, alhali ya fi ɓarayi sanin sata. Dalili kuwa a fili ya ke. A addininsu mai zunubi ya kan je ya furta wa Fada laifinsa a asirce, Fada kuwa ba shi da izinin faɗa wa kowa ko da za a kashe shi. Mutumin da ya shekara ashirin yana sauraron irin wannan, wace mugunta ce za ta zame masa baƙuwa?

Lokacin da Chesterton ya fara rubuta labarun nan shi ba ɗan Katolika ba ne. Sai cikin 1922, bayan shekara goma sha takwas da haɗuwarsu, Fada O'Connor ɗin nan ya karɓe shi cikin cocin, a wani ɗaki na masaukin baƙi da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ta Beaconsfield. Suna tare har mutuwa ta raba, Fada ya rubuta littafi kan abokinsa cikin 1937, shi ma ya rasu cikin 1952. Mun kawo wannan ne don a gane abotar da ke cikin littafin daga rayuwa aka ɗebo ta.

LIMAMIN GASKIYA DA NA ƘARYA

Ga siffar Fada Brown: gajere ne, mai zagayayyar fuska, tufafinsa sun ji jiki, kullum yana fama da wata tsohuwar laima da ke faɗuwa daga hannunsa. Wanda ya gan shi cikin jirgi sai ya ce wannan ko yaro ya cuce shi. Abokin karawarsa kuwa, Flambeau, ƙato ne Bafaranshe, ɓarawon da ya gagari 'yan sandan ƙasa uku.

A labarin farko, na shuɗin gicciye, an ba Fada Brown wani gicciyen azurfa mai duwatsu masu daraja ya kai taro a London. Flambeau ya sa tufafin limami ya liƙe masa. Suna tafe, sai Fada ya yi ta aikata abubuwa kamar na taɓaɓɓe: ya zuba gishiri a mazubin sukari, ya watsa miya a bango, ya kifar da kayan mai sayar da 'ya'yan itace, ya fasa tagar wani gidan abinci ya biya. Mai karatu na dariya, ashe kowane ɗaya da dalilinsa. Sawu ya ke bar wa Valentin, shugaban 'yan sandan Faris, wanda ke biye da su. Kuma yana gwada abokin tafiyarsa ne, don mutumin da ya sha gishiri cikin abin shansa bai ce uffan ba, lalle yana da abin da ya ke ɓoyewa. Gicciyen kuwa tuni ya aika da shi ta gidan waya.

Amma abin da ya fi burge mu shi ne yadda ya tabbatar limamin nan na jabu ne. Suna zaune suna zancen taurari da ikon Allah, sai Flambeau, don ya nuna tsoron Allah, ya shiga kushe hankali, yana nuna kamar addini ya fi ƙarfin tunani. Nan Fada ya kama shi, domin a wurinsa malamin gaskiya ba ya zagin hankali. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya san yadda rawani da 'yan kalmomin Larabci ke ci da mutane, ya kuma san irin dabarun da Alhaji Imam da Malam Zurƙe suka yi ta shirya wa juna. Imam ya sa mu dariya da malantar ƙarya. Chesterton ya ba mu ma'aunin gane ta: duk wanda ya ce ka ajiye hankalinka a ƙofa kafin ka shigo, to duba aljihunka.

Wannan ra'ayi ya bi littattafan duka. Sau da yawa a kan kawo wa Fada abin da ya yi kama da sihiri ko la'ana ko aikin aljannu, mutanen boko waɗanda ba su yarda da Allah ba su ne kan fara tsorata, shi kuwa limamin ya ce a duba ƙofa da taga tukuna. A littafi na uku ma an shirya masa makirci a wata ƙasa ta Amurka ta Kudu. Aka ba shi abin da ya sumar da shi, aka ce ya mutu, da ya farka cikin akwatin gawa jama'a suka ɗauki sowa wai an ga mu'ujiza. Da wani ne, da ya rungumi wannan daraja hannu biyu. Shi kuwa sai ya tashi a guje zuwa gidan waya, ya buga wa Bishof cewa babu wata mu'ujiza da ta auku. Ashe maƙiya ne suka shirya, don in ya karɓa su fallasa shi da cocinsa gaba ɗaya. Ƙin karɓar girman da ba nasa ba shi ya kuɓutar da shi. A ganinmu nan marubucin ya nuna abin da ya ke nufi da kiran Allah ga bawansa: aiki ne da a ke yi ba don suna ba.

YADDA FLAMBEAU YA TUBA

Sau uku suka kara. Na biyu a wani babban masaukin baƙi ne, inda waɗansu attajirai goma sha biyu ke cin abincin shekara da wuƙaƙe da cokulan azurfa. Fada na cikin wani ɗaki yana rubutu, sai ya ji taku iri biyu na ƙafa ɗaya, wani da sauri wani da ƙasaita. Ya gane mutum ɗaya ne ke yin tafiyar boyi in yana gaban manya, ya yi ta manya in yana gaban boyi-boyi, tun da tufafinsu duk baƙaƙe ne iri ɗaya. Ya tare shi, ya karɓi azurfar ya mayar wa masu ita, ya bar mutumin ya tafi.

Na uku lokacin bikin Kirsimati ne. Flambeau ya sace lu'ulu'u uku na Afirka cikin wasan kwaikwayo, ya haye itace a lambu zai tsere. Fada bai kira kowa ba, ya tsaya gindin itacen yana yi masa magana cikin duhu. Ya fara da yabon gwanintarsa, don ya san ƙimar aikin. Sa'an nan ya nuna masa cewa hanyar ɓarna gangara ce, wanda ya fara da satar dukiyar masu kuɗi yana taƙama bai cuci talaka ba, da sannu zai kai ga abin da a da ya ke ƙyama. Ya kuma nuna masa ai ya riga ya fara gangarowa, tun da a daren nan wani saurayi marar laifi za a zarga, har ya rasa yarinyar da ya ke so. Can sai duwatsun uku suka faɗo kan ciyawa.

Ku lura, jama'a, da jerin abin. Sai da kaya suka koma hannun masu su kafin a yi zancen tuba. Bayan haka Flambeau ya bar sata ɗungum, ya kama sana'ar binciken laifi, shi da Fada suka zama kamar tsintsiya, su yi tafiya tare, su shiga kwalekwale tare, ɗaya na da ƙarfi ɗaya na da basira. A littafi na huɗu mun tarar ya tsufa, ya yi aure a ƙasar Sifen, yana da 'ya'ya, Fada ya zo masa ziyara. A nan wani baƙo Ba'amurke ya matsa wa Fada ya faɗi asirin bincikensa. Amsar da ya bayar ta firgita baƙon, domin ya nuna masa cewa kowane kisa sai ya aikata shi cikin zuciyarsa tukuna, watau ya sa kansa a matsayin mai laifin, ya bi son zuciya da tsoro da hassadar da suka kai shi, har ya ga shi ma da zai iya. Da baƙon ya yi gardama cewa irin wannan tausayi ba ya gyara ɓarawo, sai mai gida ya miƙe ya bayyana masa shi ne Flambeau da a ke nema, ya ce wa'azin masu ganin kansu tsarkaka da horon alƙalai ba su taɓa shi ba, abin da ya tsai da shi shi ne mutum ɗaya da ya gaya masa ainihin dalilin da ya sa ya ke sata.

Holmes ya kan dubi mai laifi daga nesa kamar yadda likita ke duban ƙwaro a madubi. Fada Brown ya kan dube shi kamar ɗan'uwa da ya faɗa rijiyar da shi ma ke tsaye a bakinta. Wannan shi ne bambancin, shi ne kuma ya sa labarun ba su tsufa ba, har an yi fim da su cikin 1954, gidan talabijin na BBC kuma ya fara nasa cikin 2013.

INDA LITTAFIN YA GAZA

Ba a rasa nono a ruga, haka ba a rasa aibi a littafi. Na ɗaya, waɗansu ƙulle-ƙullen sun yi wa hankali nauyi, musamman a littattafan baya, waɗanda marubucin ya riƙa rubutawa don ya sami abin riƙe jaridarsa. Na biyu, ya kan ɗora wa ma'auni yatsa. Wanda ba ya ra'ayin cocinsa sau da yawa shi ne wawa ko mugu a labarin, har Valentin ɗin nan, gwanin ɗan sanda, a labari na biyu an mai da shi mai kisan kai saboda ƙin coci. Na uku, wanda ya fi yi mana ciwo, shi ne yadda ya siffanta baƙar fata a wani labari na littafin 1914, da kalmomin raini waɗanda ba su dace da mai cewa dukan mutane 'yan'uwa ne ba. Mutumin da ya rubuta labarin mai kai wasiƙu, wanda ya shiga gida ya yi kisa ya fita gaban shaidu huɗu ba wanda ya gan shi, don ba a ɗaukar irinsa mutum, kamar yadda mu ma ba mu lissafa ɗan garuwa da almajiri cikin waɗanda suka shigo gida, ai shi ya fi kowa cancantar gane wannan. Ga shi kuwa ya faɗa ramin da ya nuna wa wasu.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mai karatu a Shinkafi ko Zurmi zai ce, ina ruwanmu da limamin Ingila da ɓarawon lu'ulu'u, mu da a ke kwashe mana mutane a gona? Ruwanmu kuwa babba ne, domin kalmar tuba ta sha wuya a ƙasar nan. Cikin 2019 gwamnatin Zamfara ta yi sulhu da 'yan bindiga, aka ga waɗansu sun miƙa makamai, aka kira su tubabbu. Cikin 2021 sai ga shi an rufe kasuwannin mako, an katse wayar salula a jihar, don ɓarnar ba ta tsaya ba. Tun daga sa'an nan mutane suka rabu biyu, waɗansu na cewa a yafe a zauna lafiya, waɗansu na cewa ba tuba ga wanda ya zub da jini.

Kada wani ya ɗauki labarin Flambeau ya ce hujja ce ta yafe wa kowa. Flambeau ɓarawon kaya ne, bai kashe rai ba, shi ya sa tubarsa ta zo wa marubucin da sauƙi. Inda aka zub da jini Chesterton ya bi wata hanya. A labarin gudumar nan, wani limamin cocin Ingila ya tsaya can saman hasumiya yana addu'a, ya hango wansa fasiƙi a ƙasa kamar ƙwaro, zuciya ta raya masa shi ne hannun Allah, ya sakar masa 'yar guduma a ka. Fada Brown ya gane, ya bi shi sama, ya hana shi faɗowa ya kashe kansa, ya yi masa alkawarin ba zai tona ba. Amma ƙarshen labarin shi ne mutumin ya sauko da ƙafarsa ya miƙa kansa ga ɗan sanda. Watau gafarar Allah dabam, haƙƙin mamaci dabam, ɗaya ba ta share ɗaya.

Kada kuma ɗaya ɓangaren ya yi murna. A wani labari na littafi na huɗu, wani basarake ya kulle kansa a gida shekaru yana baƙin ciki. Abokansa na dā, da su ke zaton cikin faɗan gaba da gaba ya kashe ɗan'uwansa, suka zo suna ta zancen yafewa, suna zargin limamai da tsanani. Da gaskiya ta fito cewa kisan yaudara ne, sai duk suka juya baya suna tofar da yawu. Fada kaɗai ya koma wurinsa. Marubucin na nuna mana cewa yawancinmu abin da ba mu ɗauka laifi ba shi mu ke yafewa, mai babban zunubi kuwa shi ya fi bukatar wanda zai zauna da shi.

In muka haɗa waɗannan, ga abin da littafin ya tsayar. Mai tuba ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ya mai da abin da ya ɗauka, ya bar sana'ar, in da jini a hannunsa ya tsaya gaban shari'a. Malamanmu ma ba su ce wani abu dabam ba, don kowane ɗalibi ya san tuba daga haƙƙin mutane ba ta cika sai an mayar ko an nemi yafewar mai shi. Abin da Chesterton ya ƙara jaddadawa shi ne na biyar: tubabbe na bukatar aboki nagari wanda ba zai sake shi ba har tsufa. Taron rana ɗaya da ɗaukar hoto ba ya gyara mutum. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, haka zama da mutumin kirki.

Saboda haka muna shawartar samarinmu masu jin Turanci, musamman ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, su nemi littafi na farko da na huɗu su karanta, su ɗauki tsaba su zubar da ƙaiƙayi. Masu alƙalami kuma muna yi musu tuni. Ƙasar da ke da alƙalan da suka shekara talatin suna sauraron ƙarya da gaskiya, da limaman da a ke kai wa kuka tsakar dare, ba ta rasa wanda za a gina irin wannan labari a kansa ba. Sai dai wanda zai rubuta ya fara da abin da Fada Brown ya fara da shi, watau binciken zuciyarsa.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.